Ta Ce Mini Baffa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar Inna? Yaya mai ɗakina da 'yata?

Ni lafiya lau. Da riga ɗaya na shigo ƙasar nan, yau ga ni da shagon walda nawa na kaina da inji biyu. Ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Idon hagu ne ke ɗan ruwa, aikin wuta ne, kada Inna ta ji.

Na ji a rediyo gwamnatin ta faɗi, an buɗe gidajen yari. Ka san ni na yanke ƙofar barikin ranar zanga-zanga, suka shiga farautar duk mai ɗauke da sunana. Ka sa 'yata makaranta da sunanka, ka ce taka ce. Allah ya saka maka, ban manta ba.

Amma da kuka ba ta waya na ce, “Kin san wa ke magana?” Ta ce, “Eh mana, Baffa mai walda! Babana ya ce in gaishe ka.” Na yi dariya na ce ina amsawa. Ranar ban iya riƙe ƙarfe ba.

Ban taɓa roƙon kowa ba, yanzu ma ba roƙo nake ba. Ka je wurin hedimasta a goge naka, a sa nawa bayan sunanta, da manyan baƙi. Ta ci gaba da ce maka Baba, ban hana ba. Amma a rubuta sunana.

Ƙaninka.