Motar Dona Palmira a Ƙofar Maƙabarta

Talata, 14 ga Oktoba

Zuwa ga Dona Palmira,

Ina gaishe ki cikin ladabi, da fatan kin tashi lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan mijinki Abílio.

Ba ki san ni ba. Sunana Iria, shekaruna goma sha shida. Ni ce yarinyar da motar makaranta ke saukewa ƙarfe biyar a ƙofar maƙabarta, in tsaya jikin ƙyauren ƙarfe ina leƙe. Mahaifiyata tana ciki, layi na uku daga famfo, bara aka binne ta. Sau huɗu ina zuwa har bakin motarki mai gado da murhu a ciki in juya, don bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane. Shi ya sa na maƙale wannan takarda a gilashin gaba.

Roƙo ɗaya nake da shi. Igiyar shanyarki, kin ɗaure bakinta a katanga daidai kan Mama. Jiya na ga safa da ɗan tofi suna ɗiga a wurin, na kasa cin abinci.

Sai kuma gargaɗi. Goggona Zulmira tana bi gida-gida ana sa hannu a takarda, wai a tashe ki kafin ɗaya ga Nuwamba, ranar da kowa ke zuwa wanke kabarin nasa. Suna cewa wurin matattu ba masauki ba ne, a kwana, a yi girki, a kunna rediyo. Ni ba na cikinsu. Mace ta binne mijinta ta ƙi gusawa daga gefensa wata biyu, tana kwana a motar da suka ga duniya tare, irin wannan a littattafai kawai nake karantawa. Idan na tuna ki a aji sai idona ya cika.

In za ki amsa, ki sa a ƙarƙashin shuɗin bokitin da ke bakin ƙyaure.

Taki cikin girmamawa,
Iria

Laraba

Yarinya,

Na gaishe ki, na kuma gode da ta'aziyya. Na kwance igiya. Ban san akwai kan mutum a bayan katangar ba, ki yafe.

Yanzu ki zauna in gaya miki. Ki cire littattafan nan daga kanki. Abílio mutum ne mai minshari da gardama, shekara arba'in da shida muna tare bai taɓa tambayata ko na gaji ba. Na yi masa kuka kwana uku, ya ishe shi. Abin da ya ajiye ni nan, ban iya tuƙi ba. Ɗana Rogério ne ya kawo motar nan bayan jana'iza, ya koma Faransa bakin aikinsa.

Kuma ko na iya, ba na jin zan tafi. A Paris gadin bene na yi, ɗakinmu a ƙarƙashin matakala, tagarsa takalman mutane kawai take nuna mini. Kowa ya ga dama ya danna ƙararrawa, Palmira shara, Palmira wasiƙa, Palmira kare ya yi fitsari. Motar nan ita ce ƙofa ta farko da nake rufewa ba mai kirana. Da safe in buɗe ta in ga itatuwan zaitun har iyakar ido.

Duk bazara idan za mu zo gida, a ƙofar maƙabarta muke kwana a hanya, gari bayan gari, saboda akwai ruwa kuma ba hayaniya. Matattu ba su taɓa ƙwanƙwasa mana gilashi ba. Ki tambayi goggonki wane ne mai raina su, ni da nake share musu ganye kullum, ko masu zuwa sau ɗaya a shekara da burushi da sabon mayafi don a gan su.

Ki riƙa rubutu da manyan baƙaƙe, idona ya fara ja baya.

Palmira

Juma'a, 17 ga Oktoba

Dona Palmira,

Barka da war haka, da fatan sanyin asuba bai dame ki ba.

Sau biyar na karanta wasiƙarki. Na ɗan ji haushi, sai kuma na yi dariya a wurin kare. Amma ki yi haƙuri, ban yarda duka ba. Na gan ki shekaranjiya kina tsugune kina yi wa kabarinsa faɗa, har da nuni da yatsa. Wanda ba a so ba a yi masa faɗa haka.

Daga ƙyaure na hango furannin Mama sun miƙe. Baba ba ya zuwa, Goggo sai Lahadi, ni kuma ƙafata ba ta tsallake ƙofar. Ke ce ke ba su ruwa, ko? Na gode, ban san yadda zan faɗa ba.

Mutum arba'in da ɗaya sun sa hannu. Ina jin tsoro. Me ya sa ɗanki ba zai zo ya yi musu magana ba?

Taki,
Iria

Lahadi

'Yar nan,

Gaisuwa. Faɗan da kika gani, wurin da ya ɓoye makullin akwatin gas nake tambayarsa. Har yanzu bai amsa ba, halinsa ne.

Rogério bai san ina kwana a nan ba. Na ce masa ina gidan 'yar'uwar babansa a cikin gari, motar kuma a rufe take. Yana kira ranar Lahadi, in kashe rediyo in ce ga ni a falo. Ya riga ya samo mini gado a gidan kula da tsofaffi kusa da shi, ya nuna mini hoton a waya. Ɗaki ne na mutum biyu da labule a tsakiya.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba, don ke ba ki da baki. Sau biyu ina faɗuwa a watan nan. Duhu ne ke rufe ni, in farfaɗo a ƙasa, na biyun tukunya tana kan wuta. Na san ba zan ga bazara ba, kuma ban damu ba. Daga gadona zuwa ramin da ke gefen Abílio taku sittin ne, na ƙirga. Abin da nake so ke nan, in ƙarasa a bayan ƙofata. Takardar goggonki ba ta ba ni tsoro, kafin shugaban ƙauye ya gama zama a kanta an yi Kirsimeti.

Ki riƙe wannan a cikinki.

Palmira

Alhamis, 23 ga Oktoba

Dona Palmira,

Ina gaishe ki. Na yi miki laifi, gara ki ji daga gare ni.

Jiya muna shan miyar kabeji Goggo ta ɗauko maganarki. Ta ce, "Ta mai da wurin gidan abinci. Ranar Asabar ana binne tsoho Custódio, ƙamshin soyayyen kifi yana bin gawa har bakin rami."

Baba ya ce, "Custódio ai da zai iya tashi da ya nemi rabonsa."

"Kai komai wasa ne a wurinka, har inda matarka take kwance."

Baba ya ajiye cokali. Goggo ta juyo kaina ta ce, "Ke kuma gimbiyar littafi, gobe ki sa hannu, kin kai shekaru. Uwarki ce a ciki ba tawa ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ke ce ke ba furannin Mama ruwa. Na faɗi ɗakin ƙarƙashin matakala. Na ga fuskar Goggo ba ta motsa ba, sai na ci gaba, na faɗi faɗuwarki, da tukunya, da abin da kike gaya wa ɗanki ranar Lahadi. A littattafai idan mai shiru ta yi magana sau ɗaya, zukata sukan karye, kowa ya ji kunya. Na ɗauka haka za a yi.

Kuma zuciyarta ta karye ɗin. Ta ce a hankali, "Sau biyu? Ita kaɗai, da gas a kunne?" Ta ninke takardar ta sa a aljihu. Ta ce, "Wannan ya wuce sa hannu. Mu muna ta faɗa a kan kifi, baiwar Allah tana mutuwa a ƙofarmu." Har ta shafa kaina ta ce na kyauta.

Yau da safe ta je wurin Fada, limamin cocinmu. Yana da lambar Rogério tun jana'iza.

Ɗanki zai zo jibi. Ki gaya mini abin da zan yi. Zan ce ƙarya na yi, zan ce daga littafi na ɗauko, kowa zai yarda.

Iria

Litinin, 8 ga Disamba

Zuwa ga Dona Palmira,

Gaisuwa daga ƙauye, da fatan jiki da sauƙi. Fada ne ya ba ni adireshin. Wannan ita ce wasiƙa ta uku da na aiko Faransa, ban sani ba ko suna isa.

Ranar da ɗanki ya zo ina rumfar jiran mota, a bayan allo. Na ji komai. Na ji ya ce, "Mama, wata biyu kina mini ƙarya. Ba ni makulli."

Kika ce, "Motata ce."

"Motar Baba ce, ke ko juya ta ba ki iya ba."

"Kai ma ban iya haihuwarka ba sai da na yi."

Yana kuka yana kwashe kayanki cikin baƙar leda. Ban ɗauka zai yi kuka ba, na so ya zama mugu. Kika ce ya ba ki minti biyar. Na zaci kabarin za ki shiga, sai kika zauna a dokin ƙofar mota kika shanye kofinki kina kallon zaitun. Da za ku wuce kin dubi rumfar. Na san kin ga takalmana. Ban fito ba.

An kafa ƙarfe a mashigar filin da motarki take tsayawa, babbar mota ba ta iya wucewa. Ranar wanke kaburbura mata suna ta cewa wuri ya yi tsaf. Goggo ta wanke na Abílio da kanta, tana saka ki a addu'a kullum. Littattafaina suna cikin kwali, na kasa buɗe su.

Ba na neman ki ce ba komai. Ki dai ce wani abu.

Mai laifi a gare ki,
Iria

Janairu

Iria,

Na gaishe ki. Duka ukun sun iso.

Ana ba ni abinci a kan lokaci, ban sake faɗuwa ba, likita ya ce zan iya kai shekara goma. Maƙwabciyata ta bayan labule tana kiran wani Gaston dare da rana.

Kin yi abin da kika yi don kina so na. Na sani, kuma bai rage komai ba.

Kada ki sake rubutowa. Idona ya tafi, wannan ma a kan laluben layi na rubuta ta. Rogério ne ke buɗe wasiƙunki ranar Lahadi ya karanta mini, idan ya kai ƙarshe ya ce, "Yarinyar kirki, ita ta ceci ranki." Ni kuma sai in ce masa haka ne.

Ki gaida babanki.

Palmira