Jirgin da Bai Zo Ba

Asabar, 3 ga Mayu

Na je gidan Yaya da yamma kamar kullum. Tun da ciwon suga ya ɗauke masa gani, shekara uku ke nan, ni ne idonsa ranar Asabar: in kunna fim, in karanta fassarar da ke ƙasan allo, in mayar masa da Hausa, in gaya masa wa ya shigo, wa ya faɗi.

Na yau na Koriya ne, na leƙen asiri. Wani tsohon jami'i yana zaune a ofis yana magana a kunnen wani ƙaramin jami'i da ya tura ƙasar abokan gaba. Faɗan da aka yi cikin lif ya yi kyau ƙwarai, mutum biyar a wurin da bai fi banɗaki ba. Tseren motoci ya yi tsawo. Yaya ya ce wanda ke tuƙa ta gaba bai iya canja giya ba, shi da kunne ya ji. Shekara ashirin da biyu yana jan babbar mota, ba na musu da shi a nan.

Mun tsaya a rabi, ya gaji. Ƙafafunsa sun ƙara kumbura.

Litinin, 5 ga Mayu

Na ɗauki izini a wurin aiki na raka Yaya da matarsa asibiti. Likita ya kira ni gefe, ni da matar Yaya. Ya ce wankin ƙodar ya daina amfani, zuciyar ma ba ta ɗauka. Makonni, in an yi sa'a wata biyu.

A bakin ƙofa ta riƙe mini hannun riga, ta ce, "Don Allah kar ka gaya masa." Na ce to.

Da muka koma ya ce, "Alƙali, me ya ce?" Haka yake kirana saboda makin da nake ba finafinai. Na ce an canja magani, za a ga sauƙi. Ya ce madalla.

Laraba, 7 ga Mayu

A wurin aiki na sa fayil biyu a kantar da ba tasu ba. Ni!

Juma'a, 9 ga Mayu

Na ƙarasa fim ɗin ni kaɗai don in shirya bayanin gobe. Da na sani ban kalla ba.

Ƙaramin ya kai bakin teku da harsashi a ciki. An riga an soke jirgin ruwan da zai ɗauko shi, tsohon ya sani. Amma ya ci gaba da ce masa, saura minti goma, saura minti biyar, ga shi nan tafe. Har numfashi ya tsaya. Sai ruwa kawai.

Na buɗe littafin maki. Faɗa: tara. Tuƙi: shida. Labari: sifili. Gaba ɗaya huɗu cikin goma, da biro. Mutumin da ya yi wa mai mutuwa ƙarya ba jarumi ba ne, kuma fim ɗin yana so mu tausaya masa. Ya kamata ya bar shi ya yi sallama, ya bar wasiyya, ya san inda yake.

Na karanta abin da na rubuta sau biyu. Na rufe littafin.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun ƙarasa. Da aka zo bakin teku bakina ya ƙi. Sai na ji ina cewa, "Ga jirgi nan ya ɓullo. Sun jawo shi ciki. Sun lulluɓe shi da bargo."

Yaya ya saurara har sunayen 'yan fim suka gama hawa allo. Ya ce, "To, Alhamdu lillahi. Nawa ka ba shi?" Na ce huɗu. Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Mutum ya tsira ka ba shi huɗu? Kai da kai ne malamin makarantarmu da har yanzu ina aji uku."

Ban taɓa canja masa ko kalma ɗaya a fim ba sai yau. Anya ni mutumin kirki ne?

Talata, 13 ga Mayu

Matar Yaya ta ce ya ci abinci kaɗan. Ya sa ta fito masa da tsohon lasinsa na tuƙi ya shafa, ya mayar.

Asabar, 17 ga Mayu

Na tafi da sabon fim, na barkwanci. Ya ce a'a, a mayar masa da na makon jiya, wurin teku kawai.

Na kunna. Na fara, "Ga jirgi nan..." Ya ɗaga hannu.

"Alƙali, wane irin jirgi ne wannan da ba shi da inji? Ko da baki aka hura shi? Na kasa kunne makon jiya, na sake kasawa yau. Ruwa ne kawai da iska."

Na ce wataƙila kiɗa ne ya rufe ƙarar. Ya ce, "Kai, ƙaramin yaro, ni za ka koya wa ƙarar inji?" Shekarata arba'in da ɗaya.

Sai ya ce in sake mayarwa, in yi shiru. Muka saurari yaren da ba wanda ke ji a cikinmu. Ya ce, "Ka ji muryar ƙaramin? Ya sani. Tun minti goman farko ya sani. Yana amsawa ne don tsohon ya samu abin riƙewa. Ba tsohon ke lallashinsa ba, shi ke lallashin tsohon."

Na rasa inda zan sa idona, alhali ba ganina yake ba.

Ya ce, "Yanzu faɗa mini yadda yake." Na faɗa masa. Yashi, jini a rigar, abin maganar ya faɗo daga kunne, tsohon a ofis yana ta magana shi kaɗai.

Ya ce, "Yauwa. Likita fa, minti nawa ya ce?"

Na ce makonni.

Ya gyaɗa kai. Ya ce kar in gaya wa matarsa cewa ya sani, ta fi samun barci haka. Daga nan ya sa na ɗauko takarda, ya faɗi abubuwa bakwai da yake so a yi, na rubuta su da lamba. Na shida: a ba ni talabijin ɗin. Na bakwai: in gyara makin.

Na ce maki ba ya gyaruwa, shekara tara ban taɓa soke ko ɗaya ba. Ya ce, "Taurin kai dai, na Baba."

Asabar, 24 ga Mayu

Ba fim. Na zauna kusa da shi ina gaya masa abin da ke wucewa ta taga. Mai keke, mace da laima, wata motar kaya. Ya ce taya ɗaya ba iska. Na leƙa, haka ne.

Alhamis, 29 ga Mayu

Yaya ya rasu da hantsi.

Lahadi, 1 ga Yuni

Mutane sun ragu. Matar Yaya ta ce mini, "Ka ga dai ya tafi hankalinsa kwance, bai san komai ba. Na gode maka." Na ce Allah Ya jiƙansa. Ban ƙara komai ba. Ban sani ba ko daidai na yi. Amma na ga kafaɗunta sun sauka.

Asabar, 14 ga Yuni

An kawo talabijin. Biyar daga cikin bakwai sun cika, wannan na shida.

Na sa fim ɗin don in gwada ko tana aiki, ba don komai ba. Wajen lif na ji ina cewa, "Ya kama na biyun ta wuya," da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki. Na ankara. Bayan ɗan lokaci na ci gaba.

Har yanzu tseren motocin ya yi tsawo. Wannan ra'ayina ne, ban sauya ba.

Huɗun tana nan, ban soke ta ba. Na dai rubuta tara a gefenta, da fensir.