Harafi Marar Ƙafa a Tafin Hannuna

Litinin, 5 ga Yuni

Sun kira daga asibiti. Laraba zan gana da babbar nas ta sashen bakwaini. Mu biyu ne, gurbi ɗaya. In ni aka ɗauka, Lahadi zan fara. Ina ajiye waya na shiga banɗaki na yi amai. Na gama karatun jinya, sakamako ya yi kyau, amma cikina bai samu labari ba.

Da yamma na gangara tsohon gari wajen Malama Mazal. Kaka Freha ce ta haɗa ni da ita tun lokacin jarrabawar ƙarshe, da ta gaji da jin takuna ina safa da marwa a ɗaki. Abin da take koya mana bai da yawa. Ki rufe ido, ki ga Sunan Ubangiji mai haruffa huɗu na Ibrananci a gabanki, baƙi a kan fari. Ba a furta shi, da numfashi ake bin sa. Harafin farko, yod, ɗigo ne, ki tsaya cik. He, ki saki iska. Vav, ki ja. He kuma, ki saki.

Yau a kan he ta tsaya. "Ɗaki ne," in ji ta. "Ga rufi, ga bango a dama, sai 'yar ƙafa a hagu da ba ta taɓa rufin ba. Tsakanin ƙafar da rufin akwai kafa. Ta nan iska ke shiga."

Kowa na gani sai ni. Matar da ke gefena har hawaye take yi. Ni in na rufe ido, jadawalin magunguna ke fitowa, da nauyin jariri a gefe. Na gaya wa Malama. Ta ce, "Tehila, ke jira kike a kawo miki shi da hatimi da sa hannu. Yi numfashi, 'yar nan."

Tana da kati mai Sunan a rubuce. A hannunta take nuna mana, ta mayar cikin kyalle. Ba ta bari a kwafa.

Talata, 6 ga Yuni

Na goge riga, na sake gogewa. Yaya Nissim ya bugo daga Urushalima, inda yake koyon rubuta Attaura da hannu. Zai zo Juma'a mu yi hutun Asabar tare. Ya ce, "Likitar gidanmu, kin ci abinci, ko har yanzu farce kike ci?"

Laraba, 7 ga Yuni

An ɗauke ni.

Na rubuta wannan a farko don kada abin da ke biye ya cinye shi.

Ina zaune a baranda ina jiran a kira ni, sai abin ya taso. Zuciya na dukan uku-uku, yatsu sun yi sanyi, bango na matsowa. Na rufe ido don in ga haruffan. Babu. A aljihuna akwai baƙin alƙalamin nan da muke rubuta suna da shi a jikin kwalbar jini, wanda ruwa ba ya ɗauke shi da sauƙi. Na buɗe tafin hannuna na hagu na rubuta, da manyan haruffa irin na katin Malama. Na dube su na yi numfashi. Tsaya, saki, ja, saki. Kuma ya yi aiki, wannan ba zan musa ba. Na shiga na amsa wa Sista Dalya, babbar nas ɗin, duk abin da ta tambaya, muryata ba ta yi rawa ba. Hannun na dunƙule a cinya.

Da na fito na nufi famfo kamar kullum. Na kunna ruwa. A nan na daskare.

Ban taɓa rubuta Sunan ba a rayuwata. Tun firamare wani harafi, dalet, ake sa mu saka a gurbin he, don takarda na iya ƙarewa a shara. Yau na rubuta shi a kan fata. Wanke shi goge shi ne, kuma ba a goge Sunan.

Na naɗe hannun da bandeji nan take, ban ko iya sake kallonsa ba. Na ce wa Kaka wuƙa ce ta yanke ni.

Alhamis, 8 ga Yuni

Na duba littafin dokokin addini, don kada in tsorata kaina a banza. Ba a banza ba ne. Sunayen Ubangiji bakwai ne ba a gogewa, wannan ne na farkonsu. Wanda aka rubuta shi a jikinsa ba zai wanke wurin ba, ba zai shafa mai ba, ba zai tsaya wurin ƙazanta ba sai ya rufe shi. Maganar tana nan ƙarara, kamar da ni aka yi ta.

Ɗaya gefen ma na san shi sarai. A sashen bakwaini ba zobe, ba agogo, ba bandeji daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Sabulu, buroshi, sannan sinadarin goge hannu kafin a taɓa kowane jariri. Wannan sinadarin shi ne daidai abin da ke narkar da tawadar nan. Jaririn da bai kai kilo ɗaya ba, ƙwayar cuta ɗaya ta ishe shi.

In na bari ta kaɗe da kanta fa? A ƙarƙashin bandeji za ta fi mako. Ba za su jira ni ba, ɗaya yarinyar tana nan.

Na ɗauki waya in kira malamin majami'armu, na ajiye. Abokin marigayi Baba ne. Me zan ce masa, jikar Freha ta mayar da Sunan takardar satar amsa? Malama Mazal kuwa ta hana mu kwafa da bakinta.

Na yi wanka da leda a hannu. Na rubuta wa Sista Dalya saƙo cewa ba zan samu damar karɓar aikin ba. Ban aika ba.

Juma'a, 9 ga Yuni

Yaya ya iso. Gida duk ƙanshin kifi mai barkono. Kaka ta ce in kawo ciwon ta gani, na ce ni ce nas. An kusa kunna kyandir, Asabar na shigowa da faɗuwar rana kuma ba a rubutu a cikinta, dole in ajiye biro. Asabar na fita zan aika saƙon.

Asabar, 10 ga Yuni, bayan fitowar taurari

Ban aika ba. Na share shi ma. Bari in bi abin daki-daki.

Jiya, bayan Yaya ya yi albarka a kan ruwan inabi, suka tashi wanke hannu kafin a gutsuri burodi. Ni na zauna. Na ce ba na jin cin burodi. Ga shi daga wanke hannu har a haɗiye lomar farko ba a magana, kuma Kaka ta riga ta wanke nata. Sai ta tsaya a kaina baki a rufe, tana nuna ni, tana nuna famfo. "Mm? Mm!" Na girgiza kai. Ta nuna burodin da ta kwaɓa da hannunta, ta dafe ƙirji. "Mmm!" Yaya ya yi albarka da sauri kamar ana korarsa, ya tsoma mata loma a gishiri. Ko gama taunawa ba ta yi ba.

"Burodina ne ba kya ci? A gidan nan? Nissim, dubi ƙanwarka, asibiti sun ɗauke ta tun ba ta fara ba ta fi ƙarfinmu."

Yaya ya ce, "Mai ciwo ma yana wanke inda bandeji bai rufe ba, Likita. Kin san wannan. Wace irin wuƙa ce ke yanka ba jini?"

Sai na fashe da kuka. Na gaya musu duka, har da saƙon.

Kaka ta zauna a hankali. Yaya bai yi dariya ba, wanda ya fi ba ni tsoro. Ya ce, "Zo nan wajen haske." Ya warware bandejin da yatsa biyu, kamar yadda na ga yana buɗe fatar rubutu. Na kawar da kai.

Ya daɗe yana kallo.

"Tehila. Karanta min. Harafi harafi."

"Ka san ba zan—"

"Sunayen haruffan kawai. Duba mana."

Na duba. Yod. Sai rufi da bango a dama, hagu kuwa fayau, ba ƙafa. Vav. Sai wani rufin da bango, shi ma ba ƙafa.

"Yod, dalet, vav, dalet," in ji shi, yana share hawayen dariya. "Wannan ba sunan kowa ba ne, ƙanwata. Ko mai sayar da tumatir ba zai amsa shi ba. Da ɗalibi ne ya kawo wa malaminmu wannan a matsayin he, da kunnensa ya gaya masa."

He in an cire mata 'yar ƙafar, dalet ce. Hannuna ya yi abin da aka koya masa tun ina aji ɗaya, bai shawarce ni ba. Idona kuma ya saba ganin haka a littattafaina na makaranta yana fahimtar abin da ake nufi.

Kaka ta ce, "To tun Laraba dalet kike reno a cikin zani kamar jinjiri? Ai da kin faɗa, da mun yi mata suna."

Na zabura zan tafi famfo. Yaya ya riƙo rigata. "Ina zuwa? Asabar ce, ba a goge rubutu, ko da lissafin kasuwa ne. Zuba ruwa ki ci burodi, banda cuɗawa. Ke da dalet ɗinki sai gobe da magariba."

Na ci burodi har Kaka ta janye kwandon.

Da muke kwashe kwanuka ya ce min ƙasa-ƙasa, ba wasa a muryarsa, "Ko da Sunan ne ma, akwai hanya. Ba a barin jarirai saboda tawada. Tambaya ake yi. Kina da wa, kin zauna kina yanke wa kanki hukunci ke kaɗai." Gaskiyarsa ce.

Ɗazu tauraro na uku na fitowa, alamar Asabar ta fita, na sa auduga da sinadari. Shafa biyu, ta tafi. Saura ɗan toka-toka a cikin layin tafin.

Lahadi, 11 ga Yuni

Na wanke hannu har gwiwa. Ban taɓa jin daɗin sabulu irin na yau ba. Sista Dalya ta ce, "Yarinya, fatar ma za ki cire?" Ƙafafuna ciwo suke. Barci.

Litinin, 12 ga Yuni

Na tsaya bayan kowa ya watse na gaya wa Malama Mazal. Na shirya shan faɗa. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, sannan ta ɗaure fuska ta ce kada in ƙara, ko da dalet ne.

Amma akwai abin da ke cin raina, na faɗa mata. In ba Sunan ne a hannuna ba, me ya kwantar min da hankali ranar Laraba? Ke nan abin duk yaudarar kai ne?

Ta ce, "Da kika dubi hannun, me kika gani?"

"He."

"Akwai ƙafa a wurin?"

"Babu."

"To wa ya sa ta?" Ta miƙe tana tattara kofunan shayin na'a-na'a. "Kin dame ni kullum ba kya gani, ba kya gani. Ga shi kin ga abin da babu tawadarsa, har sau biyu, ido a buɗe. Tashi ki tafi gida, kakarki na jira."

Na hau matakalar tsohon gari duka ina neman inda maganarta ta karye. Ban samu ba tukuna.

Alhamis, 15 ga Yuni

An ba ni wata yarinya a gado na kusa da taga. Iyayen ba su sa mata suna ba, suna jiran ta ƙara ƙwari. Tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba.

Wajen azahar na'urarta ta yi ƙara. Ta manta da numfashi, haka bakwaini suke yi. Leɓenta ya fara canja launi. Sista Dalya tana can ƙarshen ɗaki, hannunta cikin wani gadon. Na goge hannu, na zura shi ta ƙofar gilashin da ya rufe gadonta, na shafa bayanta, na ɗan murza tafin ƙafar. Na ji kaina ina ce mata a hankali, saki, ja, saki. Ta ja. Ƙirjin ya ɗaga, lambobin suka hau.

Sista ta iso ta dubi na'ura, ta dube ni, ta ce, "To, rubuta lokacin," ta koma.

Ba zan ce na ga wani abu ba, don ban rufe ido ba, ba lokacin hakan. Abin da zan iya tabbatarwa shi ne yatsuna ba su yi sanyi ba.

Da na zo rubuta lokacin na laluba aljihu, ba baƙin alƙalamin. Sai aro na yi. Na dawo gida na same shi a kan tebur, inda na ajiye shi tun daren Asabar. Mantuwa ce, ina jin.