Na'urar Yaya Bukar da Ruwan Fadama

Zuwa ga mai girma, mai alfarma, Sarkin Yatsu na farko kuma na ƙarshe, Garkuwan Maɓallai, gwarzon da bai taɓa faɗawa rami a allon talabijin ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili, aminina Istifanus ɗan Malam Dauda, a can bisa duwatsun Filato.

Bayan gaisuwar ban girma, da fatan Mama tana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa Yayana Bukar zai taso daga Haɗeja ranar Juma'a da lodin busasshen kifi, kuma a gidanka zai sauka. Ka san Yaya. Shekaru sun rage masa gashi, ba su rage masa nauyin hannu ba.

Ka tuna shekarar da ya dawo daga Maiduguri da na'urar gem, ta wasa a talabijin, mai hannu biyu da kaset ɗaya tak. Sai mun hura wa kaset ɗin iska kamar masu tofi kafin ya yarda ya kama. Duk sa'ad da Yaya zai fita, sai ya nuna ta ya ce, "Wannan ta fi ku daraja, ku biyun a haɗe."

Sai kantoman ƙaramar hukuma ya ga azuzuwa sun zama kango saboda gem, ya sa mota mai lasifika ta zaga gari: an haramta gem, duk na'urar da aka gani za a kwashe. A kan idonmu aka garƙame shagon gem na bakin tasha. Yaya yana Guri sayen kifi, amanar dukiyarsa ta rataya a wuyanmu.

Muka cusa ta a buhun shinkafa, muka ɗora a keke. A bakin gada wani ma'aikaci ya dafa buhun. Har yau ina jin tafin hannunsa a ƙirjina. Kai kuwa ka gaishe shi da ladabin ɗan malamin makaranta, har ya tambayi lafiyar babanka, ya ba mu hanya.

A bukkar gonarmu ta fadama ka yanke fatawarka mai tarihi: a sa ta a tulu a binne, domin a garinku abin da aka binne yana nan inda aka bar shi. Ni da aka haifa a bakin kogin nan, na san watan da ruwa ke tasowa, amma na gyaɗa kai. Ba a yi kwana goma ba kogi ya cika ya batse. A kwalekwale muka koma, ko tsinin bukkar ba mu gani ba.

Da Yaya ya dawo, na ce hukuma ce ta kwashe. Ka tsaya kafaɗarka tana taɓa tawa, kanka a ƙasa. Ban taɓa gode maka tsayuwar nan ba, Istifanus. Ranar da aka yi wa babanka Malam Dauda canjin wurin aiki, na bi motarku a keke har bayan gari, na dawo ni kaɗai, ban iya cin tuwo ba.

Ga musiba. Makon jiya Yaya ya haɗu da tsohon direban motar lasifikar a kasuwa, mutumin ya rantse ba su taɓa shiga layinmu ba. Yaya ya dube ni, ya ce, "Istifanus dai ba ya ƙarya."

Allah ya ja kwanan Mama, ya albarkaci gidanka, ya sake haɗa fuskokinmu da alheri.

Ban ce ka ɓata sunanka da ƙarya ba. Roƙona ɗaya ne: ka sa a dafa gwate tukunya guda. Da zarar ya ambaci gem, ka cika baki, ka yi ta tauna har ya tashi alwala.

Naka cikin tsananin fargaba,
Modu