Malamin da Ba Shi da Aji

Gwaggo Mas'uda, don Allah ki cece ni, sunana zai ja mini kunya.

Ni mutumin Fakku ne a ƙasar Kebbe, noman gero nake da ɗan kiwo. Boko kuwa a firamare muka yi sallama, kuma ba wanda ya yi kewar wani. Amma ina son labari. Shekaru ina rubuta labaran garinmu a waya, in dabbobi sun kwanta inuwa. Da suka taru na tura wa wata mai buga littattafai a Kano. Ta yaba ƙwarai, ta ce za ta buga.

Ga inda gizo ke saƙar. Sunana na yanka Malami, kamar yadda kowa ya sani ana raɗawa a nan. Ita baiwar Allah ta ɗauka sana'ata ce. Kullum sai ta ce a gaishe da ɗalibai, ni kuma in ce za su ji, don dai bijimaina biyu suna da kunnuwa. Yanzu tana son sunan makarantar da nake koyarwa, a sa a bangon baya, har ɗalibaina su zo ƙaddamarwa. Ɗan baffana Gazali, mai koyarwa a Tambuwal, ya ce in ari tasa makarantar. Wallahi tsoro nake in faɗi gaskiya ta fasa, ni kuwa ba ni da wani buri da ya wuce littafin nan.

Naki, Mai Ɗalibai Biyu.

Ɗana, na sha dariya, amma na fahimci tsoronka.

Da farko ba ka yi ƙarya ba, rago aka yanka a kan sunan nan. Sai dai amsa gaisuwar ɗalibai da kake yi ta fara kai ka bakin ramin. Makarantar Gazali kuwa bar masa abarsa, kayan aro ba ya rufe katara. Ran ƙaddamarwa duk Fakku za ta zo, kuma sun san ajin da kake shiga da sanda.

Ita ma kada ka ga laifinta. Kasuwa take, tana ganin malami zai fi sayuwa. Amma ka tuna labaranka ta karanta ta yaba, ba ta ga takardar shaidar kowa ba. Kira ta yau, ka gaya mata da bakinka. In ta fasa, za ka ji zafi, sai ka kai wa wani, littafin yana nan.

Sannan kada rashin takarda ya zame maka taƙama. In an gyara maka rubutu, karɓa, ka ba Gazali ya duba maka ƙa'ida, nan ne aronsa ya halatta.

A bangon baya a rubuta: Malami Fakku, manomi. Allah ya sa albarka, ya nuna mana ranar. Ka gaishe mini da ɗaliban.