Kilo Huɗu Tsakanina da Teku

Guangzhou, 6 ga Yuli

Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya ƙafar, ya jikoki. Ni ma lafiya lau, sai zafin garin nan da ke dafa mutum a tsaye. Tun da kunnenki ya daina yarda da waya, ga takarda kamar yadda muka saba, zan ɗauki hotonta in turo.

Shawara nake nema, amma kada ki fara salati sai kin kai ƙarshe. Zan tashi sama da lema. Wani makeken ƙyalle ne mai igiyoyi, a ɗaure ka a gaban matuƙi, ku sheƙa da gudu daga kan dutse, iska ta ɗauke ku. Ba inji, ba ƙara.

Duwatsu biyu ne suka raba mini hankali. Ɗaya yana can Yunnan, sai an hau jirgi. Dogo ne na gaske, ƙarƙashinsa tafki, ana rabin awa a sama, amma sun ce damina ce, sai ƙarshen Oktoba. Ɗayan yana nan kusa, awa uku a mota, a bakin teku. Gajere ne, minti goma ka sauko, kuma ba sa ɗaukar wanda ya wuce kilo ɗari. Na hau sikelin kaya a siton Harouna, mutumin Maraɗi da ke yi mana lodi, ya nuna ɗari da huɗu. Har yanzu Harouna bai gama dariya ba.

Kin san ni, shekara goma sha tara a kasuwar Shisanhang ban taɓa sayen lamba biyu ba alhali akwai lamba ɗaya. Raina yana Yunnan. Me kika gani?

Ƙaninki,
Ilu

Kano, 9 ga Yuli

Ilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi, kowa yana gaishe ka.

Salatin kam na yi, har sau uku. Kai da ko tsanin soron Inna ba ka hawa sai an riƙe maka, yau kai ne shaho? Shekara hamsin da huɗu, da furfura a gemu, za ka rataya a jikin ƙyalle kamar shanya. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Amma ba lemar ce ta tsaya mini a rai ba. Shekara talatin na yi ina duba rubutun ɗalibai, naka kuwa ni na kama hannunka na koya maka. Baƙaƙenka sun ninka girma, layukanka suna gangarewa, sau biyu ka rubuta kalma a kan kalma. Ruwa ba ya tsami banza. Ba zan zaɓa maka dutse ba sai ka gaya mini abin da kake ɓoyewa, kuma kada ka kawo mini zancen gajiya.

Allah ya tsare.
Yayarka,
Sabuwa

Guangzhou, 15 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar jinkiri. Kwana shida ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ciwon Baba ne. Likita ya ce hawan jinin ido, kuma na zo a makare. Na hagun ya tafi, na daman kamar mai leƙe ta bututu. Ana ɗiga magani don ya rage gudu, amma ya ƙi yi mini alkawarin ko wata uku.

A watan Mayu na gane. Na je wata masana'anta duba yadin da Alhaji Barmo ya yi oda, baƙi wuluk yake so. Na ɗaga, na kai bakin taga kamar kullum, na sa hannu aka loda. Da kaya suka isa Kantin Kwari sai ga shuɗi mai duhu. Ni, Yaya, da ake kira daga kasuwar Baima in zo in raba gardamar launi. Alhaji bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi in je a duba ni, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Tun ranar duk yadin da na ɗaga sai na faki ido na tambayi na kusa da ni launinsa.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Shekara goma sha tara na yi a ƙasar nan ban ga komai ba sai rumfa da kwali da silin ɗin otal. Ina so in ga abu mai faɗi sau ɗaya, in adana shi, kafin a rufe. Shi ya sa na nace wa Yunnan. In kallo ɗaya ya rage mini, ai gara ya zama lamba ɗaya. Zan jira Oktoban.

Ki yi mini addu'a.
Ilu

Kano, 16 ga Yuli

Autan Inna,

Wa alaikumus salam. Na karanta, na yi kukana, na wanke fuska. Yanzu ka saurare ni.

Kai yaro ne lokacin, ba za ka tuna ba. Da idon Baba ya fara, Kawu Kallamu ya zo zai kai shi Legas ya ga teku, don ya sha faɗin yana so. Baba ya ce a bari sai an gama girbi, a tafi a natse. An gama girbin, an tafi da shi, amma sai dai ya ji ƙarar ruwan. Ni na riƙe masa sanda a tashar jirgin ƙasa da suka dawo.

Wannan ba yadi ba ne da za ka ce a ajiye maka sai lamba ɗaya ta iso. Da sabon gini gara yaɓe. Oktoba ba a hannunka take ba, kilo huɗu kuwa a hannunka suke, ko in ce a tumbinka. Ka yi istihara, ka saki shinkafar dare, ka nufi na kusa.

Sharaɗina ɗaya. In ka sauko, ka rubuto mini abin da ka gani da hannunka, ko da baƙi biyar ne a shafi. Ni ba zan ji labarin a bakinka ba, takardar ce kaɗai tawa.

Allah ya kai ka, ya sauko da kai lafiya.
Sabuwa

Guangzhou, 23 ga Agusta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da layukan, sun ƙara lalacewa.

Na bi maganarki. Azumin Litinin da Alhamis, matakalar benen Baima a ƙafa kullum, Harouna yana auna ni kamar dila yana rubutawa a bango. Ranar Laraba sikeli ya ce casa'in da tara da rabi. Jiya muka je.

Kafin a ɗaure ni sai da na bi ɗinkin lemar da yatsa, gefe zuwa gefe. Matuƙin ya tambayi Harouna ko saye zan yi. Ɗinkin yana da kyau. Na yi bisimilla, muka ruga, sai na ji babu ƙasa.

Minti goma sha ɗaya. Na yi ta juya kai a hankali don bututun nawa ya share ko'ina. Na ga farin yashi, na ga jiragen masunta, na ga inda ruwa ya haɗu da sama. Na yi wa Baba addu'a a can.

Tekun shuɗi ne, Yaya, ba baƙi ba. Ban tambayi kowa ba.

Ina nan tafe gida bayan Maulidi, in sha Allahu. Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Ilu