Kekuna Talatin Cikin Leda

Anti, don Allah ki taimake ni. Kaina ya ƙulle, kuma kwana tara kawai suka rage mini in miƙa wani rahoto.

Wata biyar ke nan da na gama karatu aka ɗauke ni aiki a ofishin gundumarmu. Karkara ce, in ba noma ba babu wani aiki. Wani kamfani mai ɗinka kayan ma'aikata yana neman inda zai kafa masana'anta, mu da wata gunduma yake dubawa. Sharaɗinsa ɗaya: mutum ɗari da hamsin da suka iya keken ɗinki na lantarki. Shugabana ya ba ni rajistar cibiyarmu ta koyar da sana'a, ya ce in haɗa rahoto. A rajistar, mutum ɗari biyu da arba'in ne suka karɓi shaidar kammalawa.

Ni kuma da halina na bin diddigi, na zauna na kira su ɗaya bayan ɗaya. Lamba sittin da uku ba sa shiga. Mutum tamanin da takwas sun tafi birni. Tamanin da tara suna nan, amma bakwai ne kaɗai suka taɓa ɗinki da keken lantarki, su ma a wani wuri suka koya.

Ba wai babu kekunan a cibiyar ba ne, Anti. Guda talatin ne, na gani da idona, shekara uku suna cikin ledarsu. Mai sito, wani dattijo mai kirki, yana kaɗe musu ƙura duk Litinin ya mayar da kwaɗo. Wanda ya gada an kore shi ne saboda keke ɗaya ya ƙone, shi kuwa saura shekara biyu ya yi ritaya. Sau biyu aka taɓa cire ledar, duk don manyan baƙi su ɗauki hoto. Ɗalibai sun sa wa kekunan suna 'yan gata. Su kuma layi suke yi a tsofaffin kekunan ƙafa huɗu, suna ɗinka takardar siminti.

Shugabana ya ce in rubuta ɗari biyu da arba'in, ai shaida suna da ita, sauran sa koya a bakin aiki. Da na nuna masa bakwai ɗin, ya kira ni malamar lissafi, ofis ya ɗauki dariya.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ranar da na fara ganin rajistar, tun kafin in kira kowa, na buga wa yayana waya na ce aiki ya zo gida. Ya ajiye aikin gadinsa a birni, ya dawo da matarsa da 'ya'ya biyu, yanzu shi ma yana layin kekunan ƙafa. Kullum da safe sai ya tambaye ni ko an sa ranar ɗaukar ma'aikata. Ban iya faɗa masa ba.

In na rubuta bakwai, kamfani ya tafi. In na rubuta ƙarya suka gwada mutanenmu, ya tafi, sunana kuma na ƙasan takardar. Ina zan sa kaina?

Mai bin diddigi

*

'Yata,

Ba zan yaudare ki ba: da wuya masana'antar nan ta zo muku. Shekara uku aka yi ana rasa ta, ba rahotonki ne zai kore ta ba.

Shugabanki ba mugu ba ne, yana ganin matasa na watsewa, ya rasa abin yi. Amma kamfanin ɗinki ba ya ɗaukar tela sai ya zaunar da shi a kan keke. Minti biyu sun isa asiri ya tonu, kuma sa gaya wa wasu kamfanonin.

Rubuta gaskiyar duka, ba bakwai kaɗai ba. Ki sa tamanin da tara da suka iya keken ƙafa, da waɗanda suka tafi birni, da sabbin kekuna talatin, sannan ki nemi wata uku na horar da su. Ki fara kai wa shugabanki shi kaɗai, ba a gaban ma'aikata ba.

Mai sito kuwa tsoro ne ya riƙe masa makulli. Ki tsara takardar da ta ce in keke ya lalace wajen koyo ba laifinsa ba ne, shugabanki ya sa hannu. Ya fi sauƙin yarda da wannan a kan a kunyata shi gaban baƙi. Malamai kuma kina da su: bakwai ɗin nan.

Yayanki ki gaya masa yau, kafin a ba wani gurbinsa na gadi. Zai yi fushi, yana da hujja. Ki ba shi haƙuri, ki bar shi ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya buɗa wa yayanki wata ƙofar. Ko kamfani ya zo ko bai zo ba, Litinin mai zuwa a cire ledar nan.

Anti